Busasshiyar Allurar Mijinyawa

Masu karatu, ku gyara zama, yau ba da dariya zan fara ba. Da jita-jita zan fara, yadda ta shigo mini gida da ƙafafun surukata Balkisa, wata Talata da hantsi, ina baranda ina tsince zogale.

Ko sallamar kirki ba ta yi ba. Ta zauna bakin tabarma, mayafinta na zamewa, ta ce, "Inna, an ce yaron nan ya kashe mutum."

Na ce, "Wane yaro? Garin nan cike yake da yara, rabinsu da bindiga a kafaɗa."

"Mijinyawa mana. Mai neman Jamila."

Ga wanda bai san mu ba, ni ce Hadizatu. Asalinmu Damagaram, amma Yamai ce ta cinye mini ƙuruciya, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, har alli ya ci mini kafaɗa. Amadu ɗana ne na fari, ma'aikaci a wani biro, wato ofis, na unguwar Filato, kuma ina faɗin sunansa, tunda ni na sha naƙudarsa, ba masu cewa in ji kunya ba. Balkisa matarsa ce. Jamila ɗiyarsu ce, amma a gadona ta daina fitsarin kwance, saboda haka tawa ce. Shi kuwa Mijinyawa kine ne, wato irin ma'aikatan lafiyar nan da ake tura mutum wurinsu bayan karaya ko shanyewar jiki, su gyara jijiya da nama. Ya yi karatu waje, ya dawo da abin da ba mu saba gani ba: allura wadda babu ko ɗigon magani cikinta. An riga an kawo gaisuwa, an karɓa. Saura sa rana.

Shekarar ce sojoji suka karɓe mulki da rana tsaka, muna jin harbi kamar ana faskare. Damina kuma ta yi gardama, gero bai yi ba, ƙauyuka suka juye cikin birni. Kowace kusurwa sai ka ga baƙin fuskoki suna neman dako ko wanki. A irin wannan shekara magana ba ta buƙatar ƙafa, da kanta take yawo.

Balkisa ta rage murya. "Wani ɗan dako ne na kasuwar Katako. Da ƙafarsa ya shiga, aka fito da shi ranga-ranga, aka cusa cikin taksi. Tun ranar ba wanda ya sake ganinsa. Kuma Inna, allurar da babu ruwan magani, me take sa wa mutum a jiki? Ai ko yaro ya san wannan ba aikin likita ba ne."

"Wa ya gani?"

"Kowa ya sani, Inna."

"Ban tambaye ki wa ya sani ba. Wa ya gani?"

Ita daga mai kitsonta ta ji. Mai kitso daga matar wani mahauci na kasuwar Petit Marché. Daga nan kuma hanya ta ɓace. Ni da na yi rayuwata ina kama yara da "an ce", ban ga dalilin da zai sa in raga wa manya ba.

Bayan la'asar Amadu ya shigo, ko kayan aiki bai cire ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya daɗe yana juya makullin mota a hannu.

"Inna, ba zan ba da ɗiyata ga mai jini a hannu ba. Juma'a kawunnansa za su zo. In mutumin ya mutu, zan mayar musu da goronsu. In yana raye, a sa rana."

Na ce, "Ba ni zuwa Juma'a."

"Abin da idonku ya gani, shi zan bi."

Jamila tana ƙuryar ɗakina tana sauraro. Ta fito da doguwar rigar atamfa mai ruwan lemo, ɗankwali a hannu, kwalli ya zubo har kumatu. Ta faɗa jikina kamar ba ita ce take gama jami'a ba.

"Kaka, wallahi ƙarya ce. Shi da kansa ya ce mini mutumin bai mutu ba."

"Ya ce miki. Ke ma 'an ce' ɗin kika kawo mini, sai dai taki mai turare ce. Ɗaga ni, kafaɗata."

Washegari na sa shaddata ruwan toka, wadda nake zuwa ta'aziyya da ita, don ba ta nuna ko mutum ya zo da alheri ko da tsiya. Na yafa farin mayafi, na tari taksi. Ba mu wuce shingen sojoji na farko ba portabul ɗina ya yi ƙara, saƙon Jamila ne.

"Kaka kin isa?"

Kafin in gama neman tabarau, wani saƙon ya shigo: "Dan Allah kar ki yi masa irin kallon nan naki."

Na rubuta mata, "Wane kallo?"

"Kin sani."

Wurin aikin Mijinyawa ɗaki biyu ne bayan Petit Marché, kana jin ƙanshin yaji da ƙarnin kifi ta taga. Kuran ya tafi, babu lantarki, fanka ta tsaya cik. Ga gado mai farin zane, ga hoton mutum feɗaɗɗe a bango, duk namansa a waje. Da ya gan ni sai ya miƙe har kujera ta kusa kifewa, ya zube ƙasa.

"Hajiya! Da kun aiko ai da na zo."

"Tashi, angona. Yau ba kakar Jamila ce ta zo ba, mai ciwon kafaɗa ce. An ce kana soke mutane da busasshiyar allura. Ga ni, soke ni."

Ya dube ni, na dube shi. Dogo ne, siriri, mai ɗan gemu, da farar rigar aiki wadda aka ɗinke aljihunta da zare baƙi. Na ga ya gane abin da ya kawo ni. Ya yi ta tambaya: yaushe ciwon ya fara, ina shan maganin tsinka jini, ina da ciwon sukari. Sannan ya ce, "Kun karya kumallo?"

"Alhamdu lillahi."

Gaskiyar magana ruwa kawai na sha, damuwa ta hana ni. Amma wa zai faɗa wa suruki haka?

Ya jawo wani kwano mai murfi daga ƙarƙashin tebur, ya buɗe. Fari masa ce, da ɗuminta, sai ɗan kofin kunu. Ya ajiye gabana.

Na ce, "Kai yaro, ni zan ci abinci gaban mai neman jikata? A Damagaram da an sa ni a waƙa."

"Zan juya baya, Hajiya. Amma ba na taɓa kowa da allura sai na ga ya ci."

"Na ce maka na ƙoshi."

"Na ji. Ku yi haƙuri."

Ya juya ya fuskanci feɗaɗɗen mutumin nan na bango, ya harɗe hannu. Masu karatu, na ci. Ina ci ina jin haushi, ina kuma lissafi a raina: wannan ba ladabi ba ne, ba kuma rashin ladabi ba. Wanda wani abu ya taɓa ƙonawa ne yake irin wannan taurin kai.

Ya sa na kwanta rub-da-ciki, ya rufe ni da zane, kafaɗar kawai ya bari. Ya sa safar hannu, ya bi naman da yatsa a hankali har ya tsaya kan wani curi kamar ƙwallon dabino. Ya danna. Sai na ji zafin ya harba har bayan kunnena.

"Wayyo! Nan ne, ɗan nema!"

"Nama ne ya ɗaure kansa ya ƙi saki. Allurar za ta taɓa shi, ya zabura, sai ya sassauta."

"Irin ta Sinawa ce?"

"Allurar kusan ɗaya, hanya daban. Su layukansu suke bi, ni curin nake bi."

Na ce ya nuna mini. Ya yage ledarta a gabana. Siririya ce kamar gashin wutsiyar doki, babu rami, babu sirinji. Na juya ta, na shinshina. Ƙarfe ne kawai.

"Kuma tana warkarwa?"

"Wasu ta sassauta musu. Wasu ba ta yi musu komi. In kuma ba ku yi motsin da zan nuna muku ba, curin zai dawo."

Wannan ta shige ni. Na zauna da bokaye, na zauna da likitoci, ban cika jin mai magani ya ce nasa ba ya yi wa wasu komi ba.

Ya jefar da wadda na taɓa, ya buɗe sabuwa, ya goge wurin da alkol. Shigarta ban ma ji ba. Can sai naman ya yi tsalle da kansa, fat, kamar kifi a cikin ƙwarya. Na yi salati da ƙarfi. Ya ɗan motsa ta, ya sake yin fat, wani nauyi ya bi hannuna har gwiwar hannu. Ya zare, ya danne da auduga. Shi ke nan wai.

Ina kwance, fuskata a matashi, na ce, "Mijinyawa. Wa ya ce maka ya ƙoshi, ka yarda?"

Ina jin masu tumatir suna ciniki a waje.

"Sunansa Isaka," ya ce. "Bai mutu ba, Hajiya. Amma a ɗakin nan ya faɗi, kuma da laifina."

Na tashi zaune na gyara mayafi. Ya ba ni labari yana tsaye, bai jingina da komi ba. Isaka ɗan dako ne, katako yake ɗauka a ka da kafaɗa har wuyansa ya ƙage. Da ya ga farin zanen gadon sai ya ƙi hawa, wai kayansa duk garin katako ne, zai ɓata. Aka yi, aka yi, ya ƙi. Mijinyawa ya gaji ya bar shi kan wata doguwar kujera marar majingina. Ya tambaye shi ko ya ci abinci, ya ce alhamdu lillahi. Allura na shiga, mutum ya yi fari, ya sulale, ya faɗo kan kafaɗar dama. Ƙashi ya karye.

"An koya mana, Hajiya. A kwantar da mutum, musamman karon farko, don wasu sukan suma. Na sani. Na bi kunyarsa na bar abin da na sani."

Shi ya ɗauke shi zuwa asibiti, aka ɗaure hannun, likitan ƙashi ya ce sai an yi aiki. Da ya koma duba shi sai ya tarar da gado wayam, ƴan garinsu sun fitar da shi. Ya yi ta zuwa Katako, kowa ya ce ya koma ƙauye.

"Ina fata ƙashin ya haɗe," ya ce.

"Jamila ta san da karayar?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ce mata bai mutu ba."

Ban yi masa kallon ba. Na dai ce ya nuna mini motsin kafaɗar, na fita.

A Katako ina da mutum. Sani ɗalibina ne tun yana yawo da majina, yanzu Alhaji ne mai rumfunan katako, da tumbi da hular dara. Yana hango ni ya miƙe, ya ɓoye sigari a baya.

"Madan! Ku da kanku cikin wannan rana?"

Na tambaye shi Isaka. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce ai ya koma garinsu tuni.

"Sani, wannan fuskar ka yi mini ran da ka ce akuya ta cinye littafinka."

Masu zarto suka fashe da dariya. Ya ja ni gefe, bayan tulin allunan da ke ƙanshin ɗanyen itace. Isaka yana Harobanda, ya ce, ƙetaren kogi, wurin ƴan garinsu. An gaya musu in likita ya shiga da mutum ɗakin aiki, hannun zai yanke, shi ya sa suka sace shi suka kai wa maɗori. Yanzu kuma tsoro suke kada a ce sun yi laifi, ga shi zamanin soja. Sai suka rufe baki, gari kuma ya cike musu gurbin da mutuwa.

Ranar Alhamis na ƙetare gada. Kogin ya janye, yashi ya fito tsibiri-tsibiri, shanu ramammu suna tsaye a inda jirgin ruwa ya saba wucewa. Kafaɗata ta kwana tana tsami kamar an doke ni, amma da safe na ɗaura ɗankwali ban yi tsaki ba. Na faɗi wannan don a sani, ba don ya canza komi ba.

Na same shi ƙarƙashin rumfar zana, bayan wani gidan da ba a gama gini ba. Ba yaro ba ne, furfura ta fara masa. Yana tufka igiya da hannun hagu da babban yatsan ƙafa. Hannun dama yana rataye a jikinsa kamar na aro, ya tsotse, yatsun sun lanƙwashe ciki. Kafaɗar ta yi wani tudu a inda bai kamata ba.

"Fofo," na ce masa.

Ya amsa da Zabarmanci, da ya ga nawa bai yi nisa ba ya koma Hausar kasuwa. Da na ambaci Mijinyawa sai ya yi murmushi.

"Lokotoro! Likita mutumin kirki. Ki gaya masa wuyan ya daina ciwo."

Ya yi dariya, ni na kasa. Na ce ya ɗaga hannun. Ya ɗago shi da na hagu, ya sake shi, ya faɗi kan cinyarsa. Na tsunkuli bayan hannun. Bai ji ba.

"Ranar, ka ci abinci?"

"Tun shekaranjiyarta ruwa ne. Abin da na samu gida nake aikawa. Yara huɗu, rumbu babu komi."

"To me ya sa ka ce ka ci?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. "Hajiya, mutum ya tambaye ka cikin ɗakinsa mai farin zane, ka ce masa me? Ai ba bara na je ba."

Ni ma jiya-jiyan nan abin da na faɗa ke nan, da karatuna da furfurata. Manyanmu ma watanni suka yi suna alhamdu lillahi a rediyo, rumbuna na wayam, sai da masu kaki suka zo aka iya furta kalmar yunwa a fili. Muna koya wa yaro tun yana goye cewa cikinsa sirri ne, mu kira abin tarbiyya. Ban ce ba ta da kyau ba. Na dai ga hannun.

Na fito da burodin da na saya bakin gada. Ya ce ya ƙoshi. Na ajiye kan tabarma, na juya ina kallon kogi har na daina jin motsin leda.

A taksin dawowa saƙon Jamila ya shigo.

"Kaka yana raye?"

"Yana raye."

"Alhamdu lillahi!!! To shi ke nan. Abin da Baba ya tambaya ke nan."

Na kifa portabul a cinya. Ta san shiruna kamar yadda ta san muryata.

"Kaka akwai wani abu ko?"

Sai wani saƙon: "Ko mene ne, dan Allah kar ki ƙara komi. Kalma biyu kawai. Ina son shi Kaka."

Masu karatu, kada ku ɗauka ban auna ba. Amadu ƙofa biyu ya buɗe, mutuwa ko rai, kuma kalma biyu sun ishe ni in wuce da jikata ta wadda take so, ba tare da na yi ƙarya ba. Yaron ya kwanta mini. Wanda ya ce "da laifina" kafin a matsa shi, ba kullum ake samunsa ba. Amma shi ma irin wannan guntuwar amsar ya ba Jamila ya tsaya. In na yi yadda ya yi, ranar da Isaka zai ƙetaro gada da hannunsa a rataye, wa zai dubi idon wa? Kuma shi kansa Mijinyawa yana can yana fata ƙashi ya haɗe. Ban san abin da Amadu zai yanke ba. Ɗana ne, amma akwai ɗakunan zuciyarsa da ban taɓa shiga ba.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kawunnan Mijinyawa suka iso cikin manyan riguna, aka shimfiɗa musu darduma ƙarƙashin bishiyar mangwaro, aka kai ruwan sanyi. Na ce kafin a fita wurinsu a kira mini yaron ciki. Ba al'ada ba ce, na sani. Ya shigo falo cikin farar shadda, ya zauna ƙasa dab da ƙofa, hularsa a gwiwa. Balkisa tana gefena tana murza carbi. Ƙarƙashin labulen ɗaki ina hango ƙafafun Jamila, da sabon lalle.

Amadu ya gyara murya. "Inna, baƙi suna jira. Ya mutu ko yana raye?"

Na ce, "Yana raye. Sunansa Isaka, yana Harobanda, na gan shi, mun gaisa. Allurar ba tsafi ba ce, ƙarfe ne tsirara, ni ma an soka mini. Ya suma ne don bai ci abinci ba, kuma an tambaye shi ya ce ya ci. Ya faɗo ne don Mijinyawa ya bar shi zaune a inda ya kamata ya kwantar da shi. Danginsa sun sace shi daga asibiti sun kai wa maɗori, ƙashin ya haɗe a karkace. Hannunsa na dama ya mutu, ko moɗa ba ya ɗagawa. Yana da yara huɗu a ƙauye."